Ku Tambayi Bakanike: Duba Man Giyar Otomatik da Yi Masa Ƙari

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato man giyar mota otomatik. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma rage tsawon wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na daɗe ina tuƙa mota mai giyar hannu, sai bana na koma otomatik. Baƙin mai ko ido rufe ina iya duba shi, amma man giya duk sanda na zaro geji sai in ga abu dabam, yau ya cika har ya wuce, gobe ya yi ƙasa. Gejin ne ya lalace ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gejinka lafiyarsa ƙalau. Ka ɗauko dokar baƙin mai ne ka ɗora wa man giya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Baƙin mai ana duba shi injin a kashe, bayan ya sauko ya kwanta a kasko. Man giya kuwa, a yawancin motoci, sai injin yana aiki kuma man ya ɗauki zafi. Idan injin ya tsaya famfon giya ma ya tsaya, sai wani sashe na man da ke cikin kanbata, wato tukunyar nan mai juyawa da ke haɗa injin da giya, da bututan da suka tafi lagireto ya gangaro kasko. Geji ya nuna maka ya cika maƙil, amma da ka tayar da mota famfo zai kwashe shi ya rarraba. Ban da wannan, man yana kumbura da zafi, abin da ka auna da sanyin safiya ba shi za ka gani bayan tafiyar rabin awa ba. Shi ya sa geji da yawa ke da alamomi kashi biyu, COLD (sanyi) a ƙasa, HOT (zafi) a sama. Na ƙasan amfaninsa kawai a san akwai abin da zai isa a motsa mota, kamar bayan an yi juye. Hukunci na saman ne.

Ka fara da tafiyar minti 15 zuwa 20, tuƙi na hankali, giya ta shiga duk matakanta. Wannan zai kai man wajen digiri 70 zuwa 80, zafin da alamar HOT take nufi ke nan. Barin mota tsaye a silo ba ya wadatarwa, allurar zafin injin za ta hau amma giya tana nan da sanyinta. In kuma daga doguwar tafiya da gudu ka dawo, ko ka ja kaya, ko ka daɗe a cunkoso, man ya wuce zafinsa na ƙa'ida, ba shi kamar rabin awa ya huce.

Tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba, ba tayar gefe ɗaya a kan dakali ba. Kaskon giya faffaɗa ne marar zurfi, 'yar karkata kaɗan sai awo ya ɓaci. Ja birkin hannu. Ƙafarka a kan birki, bi da sandar giya daga P zuwa R, N, D har na ƙarshe, kana ɗan tsayawa daƙiƙa biyu ko uku a kowanne don mai ya cika hanyoyinsa, sannan ka dawo da ita P. Bar injin a silo, buɗe bonet.

A motar da ke ja da tayoyin baya, gejin giya yana can baya kusa da bangon da ya raba injin da cikin mota. A mai ja da tayoyin gaba yakan kasance gefen batir, ƙasa-ƙasa, gajere. Kada ka dogara da launin mariƙinsa, wani ja ne, wani ruwan ɗorawa kamar na baƙin mai. Bi bututunsa da ido ka ga inda ya shiga. Kafin ka zaro, goge ƙurar da ke bakin bututun. Zaro, goge shi tas da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Wannan ba tsirfa ba ce: hanyoyin mai a cikin akwatin bawul sirara ne ƙwarai, zare ɗaya ko ƙwayar yashi na iya maƙale bawul. Mayar da gejin har ya zauna daram, sake zarowa, riƙe shi bakinsa na kallon ƙasa don kada man ya gangaro sama ya ruɗe ka. Duba fuska biyun. Sau da yawa fuska ɗaya ta shafo bangon bututu tana nuna sama, to wadda ta fi ƙasa ita ce mai gaskiya. Sabon mai garai-garai yake, da wuyar gani. Karkata gejin wajen haske ka nemi inda ƙyalli ya ƙare bushewa ta fara. Auna sau biyu, in sun yi daidai ka yarda.

Ka tuna injin yana aiki. Fankar lantarki tana tashi ba sallama, bel yana juyawa, salansa da zafi. Naɗe hannun riga, kada wani abu ya rinƙa reto a wuyanka.

Akwai waɗanda suka fita daga wannan tsari. Honda da yawa masu geji ana kashe injin ne bayan ya yi zafi, a auna tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90 da kashewa. Wasu tsofaffin Dodge da Jeep kuma a N ake auna su, ba a P ba, don famfonsu ba ya zagaya da mai sosai a P. Littafin motar ne mai raba gardama, wani lokaci ma an rubuta umarnin a jikin gejin da ƙananan baƙaƙe.

Tambaya: Injiniya, na auna yadda ya kamata, man yana ƙasa da layin farko na HOT. Na sayo galan mai lita huɗu. Nawa zan zuba, kuma ta ina?

Amsa: Ajiye galan ɗin nan gefe tukuna, Malam, abin da kake bukata bai kai kwatansa ba. A yawancin motoci tsakanin layin ƙasa da na sama na HOT kusan rabin lita ne kacal. Wanda ya saba da baƙin mai, inda tsakanin layukan yakan kai lita guda, nan yake faɗawa rami.

A yawancin motoci masu geji, ta bututun gejin ake zubawa. Nemi mazurari mai dogon siririn wuya, wanda bai taɓa ganin baƙin mai, man birki ko ruwa ba. Man birki musamman, ko kaɗan ne, yana kumbura robobin da ke cikin giya. Injin yana silo, giya a P, zuba kamar mililita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita. Zuba a hankali, bututun ƙunci gare shi, in ka yi gaggawa sai ya tofo maka shi ya zuba kan salansa. Jira minti biyu ko uku man da ya shafi bango ya sauka, in ba haka ba geji zai fito jiƙe tun daga sama ba ka gane komai ba. Sake bi da sandar giya ta duk matakai, sake awo. Haka za ka yi ta yi har ya shiga tsakanin layukan biyu. Ba dole ne ya taɓa na sama ba. Tsakiya ko ɗan sama da tsakiya ya isa.

Mutane sukan ce gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. A giya wannan magana ba ta ci ba, domin cutar da biyun ke kawowa iri ɗaya ce: iska a cikin mai. In ya yi ƙasa, famfo yana zuƙo iska tare da mai. In ya yi yawa, haƙoran da ke juyawa suna dukan sa su kaɗa shi ya yi kumfa. Giyar otomatik kuwa da matsin mai take damƙe kulocinta, mai ba ya matsuwa amma kumfa tana matsuwa. Sai matsi ya faɗi, faifan kuloci su rinƙa zamewa maimakon su kama, zamewa ta haifar da zafi, zafi ya ƙona faifan da man gaba ɗaya. Mai yawa yakan kuma yi ambaliya ta ƙofar numfashin giya, ka ɗauka sil, wato robar da ke tare mai, ne ya fashe. In ka ga ƙananan ƙwayoyin kumfa a jikin geji, to ɗaya daga cikin biyun ne. Wanda ya riga ya zarce, a zura siririn tiyo ta bututun geji a zuƙe rarar da sirinji babba ko famfon hannu, ba sai an kwance kasko ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mai sayar da mai ya ce mini duk jan mai ɗaya ne, in dai an rubuta ATF, wato man giyar otomatik, a jiki in zuba kawai. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Jan da kake gani rini ne aka sa don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga, ba ya faɗin komai game da abin da ke ciki. Abubuwa biyu ne suka raba man giya: kaurinsa, da sinadaran da ke tsara yadda faifan kuloci za su kama, da santsi ko da kaifi. Kowace giya an tsara ta, har da kwamfutarta, a kan wani takamaiman mai.

General Motors ta fito da Dexron a 1967, aka yi ta sabunta shi har zuwa Dexron VI, wanda ya fi Dexron III ruwa-ruwa. Ford tana da Mercon V da Mercon LV, sunan ya yi kama amma ba a musanya su. Toyota tana da T-IV a motocin da suka ɗan kwana biyu, da WS a na baya-bayan nan. Honda ta maye Z1 da DW-1. Chrysler, Dodge da Jeep da yawa ATF+4 suke sha. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Sunan da motarka ke so yana cikin littafinta, sau da yawa kuma an buga shi a jikin geji ko a kan notin zubawa. Shi za ka nema a bayan roba, ba launi ba.

Wanda aka zuba wa ba nasa ba ba ya mutuwa nan take, shi ya sa mai sayarwa yake da bakin magana. A hankali abin ke fitowa: giya ta fara shiga da duka, ko mota ta rinƙa karkarwa kamar tana bin hanya mai gargada a gudun kilomita 60 zuwa 80, lokacin da kulocin cikin kanbata ke ƙoƙarin kullewa.

Inda kuskuren ke kisa da wuri shi ne CVT, giyar nan da ba ta da matakai, wadda ke aiki da bel na ƙarfe ko sarƙa tsakanin kwanuka biyu. Daga kujerar direba ba ka bambanta ta da sauran, P, R, N, D ne duka. Amma manta dabam ne, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, ko HCF-2 na Honda. Zuba mata ATF na gama-gari, bel ya fara zamewa ya karce kwanukan, gyaran kuwa sai dai sauya giya. Haka giya mai kuloci biyu, irin DSG ta Volkswagen, ita ma da nata. Man da aka rubuta yana yi wa motoci da yawa, a ganinmu, a karɓe shi ne kawai idan sunan da motarka ke bukata yana cikin jerin da ke bayan robar, harafi da harafi.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni mace ce mai son duba motata da kaina. Na leƙa ko'ina cikin bonet ban ga gejin giya ba. An ce mini irin tawa ba a taɓa manta har abada.

Amsa: Barka kadai, Malama. Idonki bai yaudare ki ba, motoci da yawa na wannan zamani ba su da geji. Amma "har abada" ɗin nan magana ce ta talla. Man yana tsufa, giyar kuma tana iya yoyo kamar kowace.

Irin wannan ta ƙasa ake duba ta. Akwai notin zubawa a gefen giyar, akwai kuma na awo, ko dai a gefe ko a gindin kasko da ɗan bututu tsaye a cikinsa. Ana ɗaga motar gaba da baya ta daidaita, a tayar da injin, a bi da giya ta duk matakai, a haɗa kwamfutar gwaji a sa ido kan zafin man. A giyoyi da yawa, ciki har da na Toyota masu WS da na kamfanin ZF da ke cikin BMW, zafin awo ba ya wuce wajen digiri 35 zuwa 45, ko da yake kowace da nata adadi. Da ya shiga wannan tsakani sai a kwance notin awo. In mai ya zubo siriri sannan ya koma ɗigo, daidai yake. In babu abin da ya fito, ya yi ƙasa, a tura ƙari da famfon hannu ta ƙofar zubawa har ya fara zubowa. In aka yi awon da zafi fiye da ƙa'ida, kumburarren mai zai zube da yawa, a rufe giya da ƙarancin mai ana ganin an yi daidai. In da sanyi aka yi, a cika ta fiye da kima.

Ba mu ba ki shawarar ki yi wannan a gida da jak ɗaya ba. Shiga ƙarƙashin mota injin yana aiki sai da lif ko rami, ko ƙafafun ƙarfe huɗu masu ƙarfi. Abin da ke hannunki shi ne ki tsaya a kan mai aikin. Tambaye shi a wane zafi zai auna, da me kuma zai san ya kai. In ya ce da tafin hannu zai taɓa kasko, ki nemi wani. Ki kuma lura ya fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, don an sha juye mai sannan a tarar na zubawa ya cije. Washar da ke ƙarƙashin notin sabuwa ake sawa, tsohuwa ta riga ta lotse.

Tambaya: Malam, man giyata ya koma kamar madara da aka ɗiga wa ja, ya kuma haura layi ba tare da na ƙara ba.

Amsa: Kashe motar, kada ka sake tuƙa ta. Ruwan lagireto ne ya shiga. A motoci da yawa man giya yana bi ta wani ɗan bututu da ke cikin tankin lagireto don ya huce. In bututun ya huje, ruwa da mai su gauraya, shi ya sa awo ya ƙaru. Buɗe murfin lagireto bayan injin ya huce sarai, mai yiwuwa ka ga mai yana yawo a kan ruwan. Faifan kuloci da wani abu mai kama da takarda aka lulluɓe su, an manna da gam, ruwa kuwa yana ɓamɓare shi. A sauya lagireto, a wanke bututai, a juye man sau da dama. In an kama da wuri giya takan tsira, in an yi kwanaki ana yawo a haka da wuya. Wajen kai ta gareji a ɗora ta a kan motar ɗauka, ko a ɗaga tayoyin da ke ja. Jan otomatik da igiya injin a kashe yana juya cikin giya babu famfon da ke ba ta mai.

Tun da an zo kan launi: ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Ja ko ja mai duhu kaɗan da ya bazu da sauri, lafiya. Ruwan ƙasa mai haske, ya tsufa, lokacin juye ya yi. Baƙi mai ƙauri kamar abin da ya kama a tukunya, kuloci sun ƙone. Murza shi tsakanin yatsu, in ka ji gurzi-gurzi ko ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. Hanci ya fi ido a wannan aiki, domin wasu mai, kamar WS, suna yin duhu da wuri alhali ba su lalace ba.

Tambaya: Duk wata sai na ƙara kusan rabin lita. Bakanikena ya ce tsohuwar mota dama tana shan mai. In ci gaba da ƙarawa?

Amsa: Injin ne ke shan mai, don yana ƙona shi. Giya ba ta ƙona komai, rufaffen gida ce. In manta ya ragu, fita ya yi, sai a nemo ƙofar. Shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ka ga inda ɗigon ya faɗa. A wanke gindin giyar, a yi 'yar tafiya, a ɗaga a bi jiƙar zuwa wuri mafi sama, don mai ƙasa yake gangarowa iska kuma tana kai shi baya.

Masu sauƙi su ne gasket ɗin kasko, tiyon da ke zuwa lagireto musamman wajen kilif, robar gindin bututun geji, da sil ɗin da shaf ɗin taya ke shiga. Kasko kuwa yawan ɗaure notinsa ne ke lanƙwasa bakinsa ya sa shi yoyo, ƙara ɗaurewa ƙara ɓarna ne. Mai wahalar shi ne sil ɗin gaba, in ka ga ɗigo daga mahaɗar injin da giya, don sai an sauke giyar. Kafin ka yanke hukunci duba tankin man sitiyari, motoci da yawa ATF suke sha a can, jan ɗigon na iya zama nasa. Tsofaffin motoci masu modileta ta iska, wata 'yar na'ura a jikin giya da tiyo ya haɗa ta da injin, su kuma suna iya zuƙe man giya zuwa cikin injin in robarta ta yage, ba ɗigo a ƙasa sai farin hayaƙi a salansa. Zare tiyonta, in da jiƙar mai a ciki ka kama ɓarawo.

Kafin a gyara, ci gaba da ƙari amma ka rinƙa awo duk mako. In ka sa D ko ribas mota ta yi jinkirin daƙiƙa biyu ko uku kafin ta kama, ko injin ya yi kuka a kwana mota ba ta ja ba, man ya riga ya sauka inda bai kamata ba.

Tambaya: Na juye man giya, lita uku da rabi kawai ya fito, littafi kuma ya ce tana cin kusan takwas. Ina sauran?

Amsa: Yana cikin kanbata, akwatin bawul da bututan lagireto, notin juyewa ba ya kai wa gare su. Kada ka zuba takwas. Auna abin da ya fito a roba mai lamba, mayar da daidai shi, sannan ka daidaita da geji da zafi. In kana son yawancin man ya zama sabo, yi tafiyar kwana biyu ka sake juyewa, haka har sau uku gaba ɗaya. In kaskonka irin wanda ake kwancewa ne, goge maganaɗisun da ke gindinsa. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne, gutsattsarin da farce ke iya ɗauka su ne abin nuna wa bakanike kafin a mayar da kaskon.